Sakiyar da aka yi mini a bayan kunne

Salamu alaikum. Tun kafin azumi ba ku ga hoton ƙofa ko gado daga shagona ba, har wasu suka ce Lawali kafinta ya yi kuɗi ya daina gaisuwa. Kwance nake, kuma saura ƙiris a kai ni makwanci.

Da mura ya fara. Sai kunnen hagu ya ɗauki zogi, ya fashe, ruwa mai wari yana zuba a kan matashi. Na sayi maganin ɗigawa a bakin kasuwa. Da ruwan ya tsaya na ce na warke, na koma aiki.

Kowa ya san kafinta a bayan kunne yake maƙale fensir. Ran nan na maƙala ya faɗo. Na sake, ya sake faɗowa. Da na shafa sai na ji kwarin da ke bayan kunnen ya cike, wurin ya yi zafi, kunnen ya turo gaba.

Daga nan azaba ta sauka. Kamar ana buga mini ƙusa a ƙashi, ana zarewa, ana sake bugawa. Na buga kaina da bango har goshina ya fashe. Ƙarar zarto ta sa na yi jifa da guduma, ta tsaga ƙofar da na gama wa mutane.

Maƙwabta suka ce hangum ne. Yayana Mamman, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, ya zo daga garin Zermu, ya latsa wurin ya ce: "Ƙurji ne ya nuna. Sakiya za a yi, yau za ka yi barci."

Matata Rabi ta ce: "Yaya, a kai shi likita mana."

Ya ce: "Ke yarinya, tun ba a haife ki ba ake sakiya."

Ya kawo wanzami har gidanmu a Birni. Aka sa ƙarfe a garwashi ya yi ja. Maza suka danne ni, Yaya ya sa gwiwa a kafaɗata. Na ji ƙaurin namana kafin in ji ihuna. Na ciji hannun wani har jini. Mugunya kaɗan ta fito, domin sauran tana cikin ƙashi, inda ƙarfen bai kai ba.

Washegari zazzaɓi ya haukace, ina amai, bakina ya fara karkacewa. Yaya ya ce ba a kai ga uwar ƙurjin ba, a sake. Wanzami ya mayar da ƙarfe wuta.

Rabi, da ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi Yaya ba, ta ɗauko bokitin ruwa ta sheƙa wa garwashin. Ta tsaya a kaina da taɓarya ta ce: "Wallahi wanda ya sake taɓa shi sai na karya masa hannu." Ba wanda ya motsa. Ita ta tare mota.

A babban asibiti likitar kunne ta duba ƙunar, ranta ya ɓaci. Ta ce: "Hangum a muƙamuƙi yake kumbura. Wannan ciwon cikin kunne ne ya ci ƙashin baya. Tsayawar ruwan ba warkewa ba ce, hanya ce ta toshe. Tsakanin wannan ƙashi da ƙwaƙwalwa ba nisa."

Aka ɗebi jini, aka sa kaina a sikana, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, aka ɗaura mini ruwa da allurai ta jijiya safe da yamma har hannuwana suka kumbura. Awakin Rabi duk sun tafi a takardun magani.

Ranar da za a yi mini aiki na ji tsoro ƙwarai, na yi kuka kamar yaro. Suka yanka bayan kunnen, suka kankare ruɓaɓɓen ƙashin. Bakina ya miƙe a hankali. Jin kunnen hagu kuwa ya tafi, likita ta ce kada in sa rai.

Don Allah ku ji ni. Kunnen da ke zubar ruwa na asibiti ne, ko na yaro ko na babba. In bayansa ya kumbura, ya yi ja, kunnen ya turo gaba, ga zazzaɓi, to ranar nan za ku tafi. Kada a tsaga, kada a ƙona, kada a ɗiga mai. In an ba ku magani ku shanye shi duka.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitoci da masu jinya, da ku da kuka yi ta cigiyata. Rabi kuwa, Allah ne kaɗai zai biya ta.

Jiya Yaya Mamman ya zo, karo na farko tun ranar taɓarya. Ya zauna kusa da ni, kansa a ƙasa, ya daɗe, sannan ya tashi ya tafi idonsa jawur. Na ce wa Rabi: "Kin ga ko uffan bai ce mini ba."

Ta ce: "Baban Nana, sau nawa ya ce ka yafe masa. Ta hagunka ya zauna."

Gobe in Allah ya kai mu zan tafi Zermu. Zan zaunar da shi ta damana.