Malamin da Ya Zauna a Kan Katifa

A tashar motar Anka na ga wani mutum yana zaune a kan katifar da ba tasa ba. Siriri ne, furfura ta fara cin gemunsa, katin kwaleji yana rataye a wuyansa.

Mai katifar, ɗalibinsa, yana tsaye da jaka. Zai bar karatu ya tafi Bagega haƙar zinariya, domin 'yan bindiga sun hana su noma bana.

"Malam, yi hanƙuri ka tashi, mota ta cika."

"Tafi abinka, Junaidu, amma katifar ga tana nan. Zango guda ya rage maka. In ka dawo kana da wurin kwana."

"Inna ba ta cin satifiket, Malam."

Malamin bai musa ba, bai kuma tashi ba. Da alama duk dabarar da ta rage masa ita ce nauyin jikinsa, shi ma ba yawa.

Motar ta tashi da Junaidu. Malamin yana naɗe katifar, yana ɗaure ta a bayan babur ba tare da ya dubi igiyar ba. Ba yau hannun nan ya fara ba. Ina jin a ofishinsa katifu sun fi littattafai yawa.