Siginar Baya ta Babur ɗin Yuguda

Rabe Bakatsine ne, amma Gombe ta fi Katsina saninsa. Gyaran keke ya kawo shi garin yana saurayi. Da babura suka yi yawa ya koma musu, har ta kai idan wutar babur ta rikice sai ka ji an ce, "Kai wa Rabe." Ga shi da tsantseni mai ban haushi. Ba ya sakin babur sai ya zagaya shi gaba da baya, ko da mai shi zai cika rumfar da tsaki.

Shekarar da aka biya ma'aikata kuɗin ƙarin albashi na Udoji, har masinjoji suka sayi sababbin babura, aiki ya yi wa Rabe yawa. Yuguda malamin dabbobi kuwa ya ƙi rabuwa da tsohon nasa, wanda wayoyinsa suka sha ƙari har duk suka koma baƙaƙe, ba ka gane ta hagu da ta dama. Wata Juma'a ya kawo shi, sigina ta daina ƙiftawa. Rabe ya gwada batir, ya canza ƙwan fitila ɗaya, ya kankare tsatsa, daga ƙarshe ya gano wayoyi biyu sun tsinke a ƙarƙashin kujera. Ya haɗa su, fitilun gaba suka ƙifta daidai. Mutane na ta wucewa masallaci, Yuguda ma har ya hau ya tayar. Ranar nan Rabe bai zagaya baya ba.

Litinin ɗin da ta biyo, a hanyar Dukku, Yuguda ya karya hagu zai shiga wata ruga, motar auduga da ke bayansa ta bi ta kansa. Direban ya yi ta rantsuwa siginar dama ya gani, shi ya sa ya fito zai wuce. Wa ke yarda da rantsuwar direban babbar mota? Dangi dai suka yafe masa, aka sallame shi.

A wurin gaisuwar mutuwa Rabe ya ji wannan magana. Bai ji tsoro ba, bai ji baƙin ciki ba, jikinsa kawai ya yi sanyi. Ya ci gaba da zuwa rumfa, yana cin tuwon da matarsa Barira ta ajiye masa ba tare da ya san miyar mece ce ba.

Bayan sadakar arba'in, Sa'idu ƙanen marigayin ya turo babur ɗin a amalanke, a gyara a sayar saboda rabon gado. Kwana uku yana jingine da bango, Rabe bai taɓa shi ba. A rana ta huɗu ya jona masa batir, ya tura makunnin hagu, ya taka a hankali zuwa baya.

Ta dama ce ke ƙiftawa.

Ya daɗe tsaye yana kallonta. Musanya wayoyin ba zai kai shan ruwa daɗewa ba, kuma ba mai sani sai Allah. Ya bar su yadda suke, ya zauna a benci har Sa'idu ya zo da la'asar.

"Malam Sa'idu, zo ka gani. Hagu na tura, dubi baya. Direban nan gaskiya ya faɗa. Ni na haɗa wayoyin nan da hannuna, ban duba ba."

Ya sunkuyar da kai yana jiran zagi, ko mari, ko ma 'yan sanda. Da ma ɗaya daga ciki ya samu, da ya ji sauƙi.

Sa'idu ya kalli fitilar, ya kalli Rabe, ya gyara zaman hularsa.

"Haba Malam Rabe, kwanansa ne ya ƙare. Kar ka ƙara faɗa wa kowa, matarsa ba ta da lafiya. Yaushe zan zo in ɗauka?"

Rabe ya miƙa hannu ya kashe makunnin.

"Jibi," ya ce.