Motar Da Na Ce Wa Kawu Lafiyarta Ƙalau

Kafin sunana ya ɓaci ni bakanike ne a Makarfi, kuma ba yabon kai ba, kunnena ya fi hannuna aiki. Mota za ta wuce a titi ina cin tuwo, in ce wa na kusa da ni wannan ba za ta kai Zariya ba, a yi mini dariya, kafin la'asar a janyo ta gareji. Iyayena sun rasu ina rarrafe. Yayan mahaifiyata, Kawu Haruna, manomin rake a Gubuchi, shi ya ɗauke ni, matarsa Inna Delu ta goya ni tare da nata 'ya'yan. Da Kawu ya lura ni da fartanya ba ma ga-maciji, sai ya kai ni koyon gyaran mota. Ranar kasuwa yakan biyo garejina ya zauna a kan tsohuwar taya, ya ce wa duk wanda ya tarar, "Wannan ɗana ne. In ya ce maka ƙarfe lafiya yake, rufe idonka ka hau." Ina jin daɗin maganar nan fiye da yadda nake nunawa.

A wajenmu manomi ba ya sayen abin hawa shi kaɗai. In an sare rake, ko tumatir ya yi daraja a Ikara da Kudan, mutum ya ga ya isa mota, sai ya ɗauki bakaniken da ya yarda da shi su je tare. Bakaniken ya tayar da ita ya saurara, su ɗan zaga a kan kwalta, abin da ya faɗa shi ke nan. Ba a neman shaida bayan bakinsa. Saboda Kawu, ni ne aka fi ɗauka.

Sai aka fara shigo da wasu motoci 'yan Beljiyam masu giyar otomatik irin mai kuloci biyu. Kuloci ɗaya yana riƙe da giya ta ɗaya da ta uku da ta biyar, ɗayan yana riƙe da sauran, wata 'yar ƙwaƙwalwa a jikin akwatin giyar ita ke miƙa aiki daga wannan zuwa wancan. A kan kwalta daɗi gare su, ga rashin shan mai. Amma ba don hanyoyinmu aka ƙera su ba. Inda za ka bi bayan amalanken shanu kana taka birki kana saki, nan kulocin ke ɗaukar zafi. Sai motar ta fara fizga tsakanin giya ta ɗaya da ta biyu kamar jakin da aka tsikara, ta yi ta karkarwa, fitilar gargaɗi ta kama a gaban direba. In ciwon ya yi nisa sai ta saki giya gaba ɗaya, ka taka totur inji yana ihu mota tana tsaye. Na je Kano na koyi gyaransu, na sayi 'yar kwamfutar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta. Da a nan na tsaya, da yau ina cin halaliyata cikin mutunci.

Akwai wani dillalin motoci a Ikara da ake ce wa Ɗanbirni, mutum mai zaƙin baki da ƙamshin turare. Wata rana wani manomi daga Dandamisa ya ɗauke ni duba mota a wurinsa. Muna zagawa na ji 'yar fizga, kaɗan ce, wadda sai mai kunne zai ji. Na buɗe baki zan yi magana, Ɗanbirni ya kalle ni ta madubi ya yi murmushi, ni kuma na haɗiye. Bayan an yi ciniki ya cusa mini wani abu a aljihu, ya ce na goro ne. "Injiniya, ai ba ƙarya ka yi ba," in ji shi. "Shiru ka yi, shiru kuwa ba ya karya alwala." Na yi dariya, na sayi tsire na kai gida.

Daga shiru na koma yi masa aiki. Kafin mai saye ya zo, in jona kwamfuta in goge duk ciwon da motar ta rubuta wa kanta. Na koya masa kada ya yarda a gwada mota sai da safe tana sanyi, kuma a kan titi mai kyau, don fizgar ba ta fitowa sai ta ɗauki zafi. Wadda fitilarta ta ƙi mutuwa, in kwance allon gaban direba in liƙe fitilar da baƙin salatif ta ciki. Daga nan hannuna ya saba. Mutum ya kawo motarsa canjin mai, in cire lafiyayyiyar ƙwaƙwalwar giyarsa in sa masa mai tangal-tangal, in sayar da tasa. Har motocin Ɗanbirni ban bari ba. Shi ma ya sani, ya ƙyale ni, don ya san ranar da zai mori shirunsa.

Ranar kuwa ta zo. Kawu ya sare rakensa, shekarar ta yi kyau, ya ce zai sayi mota saboda Inna, wadda hawan jini ya sa a gaba, hawa babur zuwa asibiti yana wahalar da ita. Ya je Ikara da babban ɗansa Sabi'u, idonsa ya faɗa kan wata fara a wurin Ɗanbirni, ya aiko a kira ni. Ina ganinta na gane ta. Ni da hannuna na cire mata ƙwaƙwalwa mai kyau ba da daɗewa ba, ni na liƙe fitilarta.

Muka zaga a kan kwalta da sanyin safiya, tana tafiya kamar ruwa. Da muka tsaya Kawu ya juyo ya ce, "To ɗana, me ka ji?" Ɗanbirni yana jingine da wata mota yana sakace, idonsa a kaina. Na san in na kushe ta, kafin azahar Kawu zai ji duk abin da nake yi. Na ce a raina bari ya saya, in ya so cikin mako in karɓe ta in mayar mata da mai kyau, ba wanda zai sani. Na ce, "Lafiyarta ƙalau, Kawu." Bai ƙara tambayar komai ba.

Makon bai zo ba. Yau in ce sai na samo kayan, gobe in ce aiki ya yi mini yawa. Sabi'u ya taɓa ce mini tana ɗan fizga, na ce masa ƙafarsa ce ba ta saba da otomatik ba, har na tsokane shi da cewa ya koma kan amalanke.

Wata rana da tsakar rana Inna ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu. Suka sa ta a motar, Sabi'u ya ja. Lokacin kwasar rake ne, hanyar ƙauyen cike da amalankai, babu wurin wucewa. Suna bin bayansu a hankali motar ta fara fizga, ta saki giya, ta tsaya. Suka jira ta huce, ta ɗan taɓuka, ta sake tsayawa. Kawu yana riƙe da kan Inna a cinyarsa yana kiran wayata, ni kuwa ina Kudan ina gwada wa wani mota, na ga kiransa na ce zan kira anjima. A ƙarshe a bayan motar ɗaukar rake aka kai Inna bakin titi. Ta rasu kafin su shiga Zariya.

Bayan sadakar bakwai Sabi'u ya ja motar zuwa wani gareji a Zariya. Aka kwance, aka ga salatif, aka ga ƙwaƙwalwar da ba tata ba. Magana ta zaga kasuwanni, kowa ya je ya kwance allon motarsa. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Mutane suka kai ƙara, Ɗanbirni ya yi layar zana, ni aka kama. Ban yi musu a gaban alƙali ba, don ba ni da bakin yi.

Kawu bai kai ƙarata ba, bai ba da shaida ba, bai kuma taɓa zuwa duba ni ba. A gidan yari ba yunwa ko cunkoso ne suka fi cin raina ba. Kewa ce. Ina kewar ɗumamen Inna, da yadda take ce mini baƙin mai ya hana ni samun mata. Ina kewar ƙamshin mazarƙwaila in ana dafa ruwan rake a bakin gona. Fiye da komai ina kewar muryar Kawu yana nuna ni ga baƙi. In mota ta wuce a bayan katanga nakan gane ciwonta daga inda nake zaune, in rasa wanda zan faɗa wa. A can na koma ga Allah, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Da aka sake ni ban biya ko'ina ba sai Gubuchi. Na tarar da shi a zaure, ya tsufa ƙwarai. Na durƙusa na fashe da kuka. Ya bar ni na gama kukana, sannan ya ce, "Delu kwananta ne ya ƙare, ko a jirgi aka sa ta ba za ta wuce ranar ba. Ban ɗora maka ranta ba. Na yafe maka, duniya da lahira. Tashi ka ci abinci." Ya ba ni ɗaki, ya ba ni gefen gona. Na ɗauka komai ya dawo.

Da rani ya shigo aka kawo masa tallan wani tsohon injin ban ruwa. Aka tayar da shi a ƙofar gida ina tsaye. Na ji wata ƙara can ciki, na matsa na ce, "Kawu, kada ka saya, cikinsa ya ci, ba zai ga ƙarshen rani ba." Ya dube ni da sanyin fuska ya ce, "Allah ya yi albarka." Sannan ya juya ga Sabi'u ya ce ya hau babur ya ɗauko wani bakanike daga Hunƙuyi. Muka zauna jira. Mutumin ya zo, ya saurara, ya faɗi abin da na faɗa ba ragi ba ƙari. Kawu ya ce, "To, tunda ka faɗa, mun fasa." Ba da niyyar wulaƙanta ni ya yi ba, na san shi. Abin da ya sa ya fi mini ciwo ke nan.

Ku samari da ke koyon sana'a, ko ta ƙarfe ce ko ta allura ko ta awo, ku saurare ni. Ba da sata na fara ba, da haɗiye magana na fara. Duk ranar da wani ya kawo ku ku duba masa abin da bai sani ba, idonsa ya ara muku, kada ku sayar da shi ko da mai sayen ya kira abin na goro. Kada kuma ku yi ɓarna da niyyar gyarawa gobe, ni ma haka na ce. Hukuma ta ɗaure ni ta sake ni, Kawu ya yafe mini, ina fata Allah ma ya karɓi tubana. Kullum tare muke cin tuwo da shi a akushi ɗaya, yana tura mini naman gabana kamar da. Amma in na ce masa hadari ya taso, sai ya leƙa waje ya duba.