Kiɗan Shiga Ɗaka

Shekarar da na fara koyarwa a firamaren tungarmu, can gefen Ngaski a bakin tafki, aka kawo mana wani Ba'amurke mai kaɗa jita. Na ce aka kawo shi, domin ba da kansa ya gano mu ba. Wani ɗan birni ne ya jawo shi, mai baƙin tabarau da takalmi mai tsini, irin mutanen nan da ba su da sana'a sai su samo Bature, su samo ƙauye, su tsaya a tsakani suna washe haƙora.

Baturen dattijo ne, furfura ta cinye kansa, amma ya tara gashin ya ɗaure a ƙeya kamar yarinyar da za ta gidan kitso. Wuyansa cike da layu da wuri da duwatsu, kowanne da ƙasar da ya samo shi. Tun bai gama shan ruwan baƙunta ba ya soma ba mu tarihinsa, ba wanda ya tambaye shi. Ni ce mai ɗan Turanci a tungar, saboda haka na sha labarin ɗanyensa, ba ta bakin tafinta ba. Wai ya fara kiɗa tun yana saurayi a gidajen giya na kudancin ƙasarsu, a gindin tsofaffin baƙaƙen fata. Wai ya yi suna, ya yi faya-fayai, sai suna ya gundure shi. Ku ji fa, suna ya gundure shi! Shi ne ya shiga duniya neman saiwar kiɗa. Ya je Mali, ya je Senegal, ya je Indiya da wasu tsibirai. Ko'ina ya je akwai wani tsoho da ya rungume shi ya ce masa shi ɗan'uwa ne. Na lura bai faɗi yadda ko ɗaya daga cikin tsofaffin nan ya ƙare ba bayan tafiyarsa.

Wurin Kawu suka zo, yayan Inna. Kawu masunci ne kamar kowa a tungar, sai dai yana da gurmi da ya gada: ɗan ƙoƙo da fatar damo, da tsirkiya biyu da ya yanko daga zaren komar kamun kifi. Da Baturen ya ga gurmin sai ya durƙusa a ƙasa yana girgiza kai, har Kawu ya tambaye ni ko ciki ke damunsa. Kawu ya yi masa kiɗan masunta, ya yi masa na 'yan kokawa da na biki, shi kuma yana bi da jitarsa. Ba zan yi masa ƙarya ba don ina jin haushinsa, hannunsa na da kyau. Abin da ya ji sau ɗaya ya ɗauke shi ke nan. Kunne gare shi na gaske, amma kiɗa kawai yake ji da shi, magana ba ta shiga.

Akwai kiɗa ɗaya da Kawu bai yi masa ba, wanda muke kira kiɗan shiga ɗaka. Tafkin nan yana cin mutane. Ƙarƙashinsa kututturan itatuwa ne tun na lokacin da ruwa ya shanye tsofaffin garuruwa, ga iskar damina da ba ta sallama. Idan mutum ya fita bai dawo ba, maza su bi sawu, Kawu kuma ya naɗe gurminsa a zane ya shiga jirgi tare da su. In an same shi da rai, da ihu ake dawowa. In gawa aka samu, tun daga nesa ake kashe inji, a koma tuƙi da hannu, Kawu ya kwance gurmi ya fara. Sauti yana tafiya a kan ruwa fiye da yadda mutumin tudu zai zata. Da mata sun ji, sai su kama uwar mamacin da matarsa su shigar da su ɗaka, a shimfiɗa tabarma, a saki labule. Wanda ya kwana a ruwa ba abin kallon uwa ba ne. Amfanin kiɗan ke nan: kada uwa ta ga ana ciro ɗanta daga jirgi.

Ba a yin sa a biki, ba a yin sa don gwaji. Kawu da kansa a tsakiyar tafki ya koya wurin mahaifinsa, inda ba kunnen da zai ji. Shi ya sa duk wanda ya ji shi ba ya tambaya, domin kiɗan bai taɓa yin ƙarya ba.

Ana cikin zaman baƙon namu ruwa ya ci wani tsohon maƙwabcinmu. Ranar da aka dawo da shi, mata na ta shigewa gidaje, sai ga Bature a bakin ruwa ya miƙa na'urar ɗaukar murya, ya lumshe ido yana rangaji kamar wanda ake yi wa tausa. Ko ƙasar kabari ba a gama wankewa daga hannu ba ya iso wurin Kawu, yana son a maimaita masa.

Kawu ya dubi ɗan birni ya ce, "Hwaɗa mishi, wanga ba kiɗin wasa ba na. Ba a yin shi sai ruwa ya ci mutum. Kowa yaj ji shi, ya san an ɗauko gawa."

Ɗan birni ya juya maganar, ya zuba mata zuma, ya ce wai tsohon yana jin kunya ne. Na kasa haƙuri, na sa baki na faɗa wa Baturen komai da Turancin da ko ɗan aji uku zai gane. Ya saurare ni da kyau, har da gyaɗa kai. Na zaci maganar ta shiga. Sai ya dafa ƙirji, idonsa ya kawo ruwa, ya ce ai wannan shi ne abin da ya yi rayuwarsa yana nema, baƙin cikin da ya haye teku ya zama kiɗan ƙasarsu. Ya ƙara da cewa kiɗa ba shi da mai shi, na duniya ne duka. Na ce a raina, jitarka fa, da ko yara ba ka bari su taɓa akwatinta? Daga ƙarshe dai ya yi wa Kawu alkawari, hannu a ƙirji, cewa ba zai kaɗa shi a tungarmu ba.

Yayana shi ne ɗan farin Inna. Kamar kowace uwa a wajenmu, ba ta kama sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. "Wancan" take ce masa. In ya dawo daga kamun kifi da giwan ruwa sai ta kau da kai ta ce wa ƙannensa su karɓa. Amma ni da nake kwana ɗakinta na san wa take fara ambata a addu'ar asuba, ko da ba da suna ba.

Ana saura kwana ɗaya baƙon ya tafi, Yaya ya fita wajen tsibirai ya duba komarsa. Hadari ya taso da yamma, bai dawo ba. Gari ya waye, shiru. Can cikin tafki waya ba ta kamawa, balle a kira. Maza suka tura jirage, Kawu ya naɗe gurminsa a gaban kowa, har da ɗan birni da ke tsaye yana goge tabarau. Ya gani da idonsa. Abin da ya faɗa wa ubangidansa ban sani ba, na dai san jim kaɗan suka ɗauki wani mai kyamara suka hau wani jirgin haya, wai za su ɗauki hoton bankwana.

Inna ta wuni a bakin banda tana juya kifi. Matan da suka zo taya ta zama ma hirar tsadar gishiri ta riƙa yi musu. Wajen la'asar sai muka ji shi, siriri, daga kan ruwa. Baturen ne, kuma ya yi aiki a kansa, wallahi ya yi. Ya danne tsirkiyar jita har ta koma muryar gurmi, ya haɗa ta da wata 'yar lasifika mai batir. Ni da na tashi a gidan gurmi ban bambance ba.

Inna ta ajiye kifin da ke hannunta, ta wanke hannu, ta shiga ɗaka da ƙafarta ba wanda ya riƙe ta. Na shimfiɗa tabarma. Aka saki labule. Nan ta kira sunan Yaya, cikakkensa, da ƙarfi, ta sake kira, a gaban matan unguwa. Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunan a bakinta ba sai ran nan. Muna cikin kuka hayaniya ta tashi a waje, wani ya ɗaga murya ya ce, "Ba su ba na! Baturen nan na!"

Na fito da gudu. Ga shi tsaye a goshin jirgi, rana a bayansa, iska na kaɗa masa furfura, mai kyamara na durƙushe a gabansa. Da ya ga taron mutane a bakin ruwa har ya cire malafa yana ɗaga mana. Ya zaci tarbarsa aka fito yi.

Samari suka so kife jirgin da shi a ciki, Sarkin Ruwa ya tsawata musu. Ɗan birni ya yi tsalle ya dira yana cewa ai ba a saɓa alkawari ba, a kan ruwa aka kaɗa, ba cikin tunga ba. Da aka fahimtar da Baturen abin da ya faru, sai ya zauna a yashi ya fashe da kuka, kuka na gaske mai majina, har ya fi na Inna ƙara. Abin takaici, mutanenmu da ba su iya ganin baƙo cikin damuwa, su suka koma ba shi haƙuri. Har ruwan sanyi aka kawo masa. Uwar da aka kashe wa ɗa da ƙarya tana ɗaka, ba wanda ya kai mata ko moɗa.

Kafin magariba sai ga su Kawu da ihu, sun jawo jirgin Yaya. Inji ne ya mutu masa, ya fake a wani tsibiri ya kwana da sauro. Aka yi hamdala, aka yanka kaza, kafin mako ya zagayo abin ya zama labarin ban dariya a kasuwar Yelwa. Inna ba ta yi dariya ba. Ta daɗe ba ta iya haɗa ido da matan da suka ji ta kama sunan. Kawu kuwa da aka ba shi labari bai zagi kowa ba, ya ce kawai, "An ɓata kiɗin."

Bayan wasu shekaru wani abokin aikina ya nuna mini hoton bidiyon Baturen a wayarsa. Faifan da ya yi da kiɗan namu ya karɓu, har aka ce an ba shi lambar yabo. Ga shi zaune a wani babban zaure yana gaya wa masu tafi cewa wani tsoho a bakin wani tafki a Afirka ya ba shi wannan kiɗa kyauta, ya kira shi ɗan'uwa. A ƙasa mutane sun yi ta rubuta cewa kiɗan yana kwantar musu da hankali, wata ma ta ce da shi take sa jaririnta barci. An nuna jirgin yana nufo gaɓa, ana hango rufin gidajenmu, sai aka yanke hoton daidai inda ya kamata a ga mata suna gudu. Na mayar masa da wayarsa na ce ya isa.

Daminar da ta wuce ta bara Yaya ya sake fita bai dawo ba. Kawu ya tsufa, amma ya ce a ɗora shi a jirgi. Kwana biyu suna nema. Ran na uku da hantsi muka ji an kashe inji daga nesa, sannan gurmi ya fara.

Mata suka taso suka kewaye Inna. Matar Kawu ta kama hannunta ta ce, "Taho mu shiga ɗaka."

Inna ta fizge hannunta. "Ku ƙyale ni. Wancan karon ma haka kunka ce, kunka sa ni abin kunya. Baturen nan na yad dawo."

Na roƙe ta, na durƙusa na riƙe mata zane. Ta ture ni ta nufi bakin ruwa, ta shiga har idon sawu, ta kare rana da tafin hannu tana leƙe. Fuskarta ba tsoro, har da ɗan murmushin wadda ta shirya yi wa wani faɗa. Kawu ya hango ta daga cikin jirgi. Na ji ya ƙara ƙarfin kiɗan, yana dukan tsirkiya kamar zai tsinke ta, yana maimaitawa, ko za ta yarda ta juya. Ba ta juya ba. Ban taɓa tsanar mutum kamar yadda na tsani mai furfurar nan a wannan lokacin ba, yana can wata duniya ana yi masa tafi.

Jirgin ya daki yashi a gabanta. Maza suka tsaya cirko-cirko, an rasa mai cewa ta matsa. Tana tsaye aka ɗago Yaya.