Yashin da ke cikin kwalbar Yaya Issa

Shekara arba'in ke nan cif da rasuwar yayana Issa, wanda mutanen Jiratawa suka laƙa wa suna Mai-yashi. Ni ƙanwarsa har yau ban san ko taimakonsa na yi ko cutarsa ba.

Zamanin Nasara aka ɗauke shi soja, aka kai shi Madagaska. Abokan tafiyarsa sun dawo da bargo da agogo, shi kuwa sai 'yar kwalba cike da farin yashi. Ya ce wani Bature mai bincike ya sa shi leƙa madubin ƙara girma, ya ga yashin ƙasan teku gidajen halittu ne masu rai, ƙanana fiye da tsabar gero. Wani kamar katantanwa, wani kamar tulu, wani da ƙayoyi, kowane da irin gininsa.

"Haba Issa, yashi ai yashi ne!" in ji dattawa. Da ya nace, sai aka fara raɗe-raɗin iskokin ruwa sun taɓa shi. Ya rantse ranar kasuwar Maradi zai kai su gidan likita, inda ake duba jini da irin wannan madubi, su gani da idonsu.

Innarmu ta tsorata. Ta ce mini, "Hadiza, abin da ke cin yayanki yana cikin kwalbar nan. Je ki juye a gulbi, ki ciko namu." Na je na juye, na tankaɗe yashin gulbi mai laushi na cika. Wallahi a ganina ceto na yi.

Dattawa uku suka bi shi Maradi. Malamin likita ya zuba yashin, kowa ya leƙa, ba komai a ciki sai tsakuwa. Yaya ya leƙa sau uku, ya goge ido, ya ce, "To ina suka tafi?"

Dariyar mutane ba ta dame shi ba kamar yadda ya daina yarda da idonsa. Ko hadari ya gani sai ya tambaya, "Ku ma kun gani?" Haka ya rayu shekara talatin, ina kai masa fura, bakina a kulle.

Bara jikata da ke jami'a ta nuna mini hotuna a salula, halittun ƙasan teku masu ɗumbin iri. Ga katantanwar, ga tulun, ga mai ƙayoyin, yadda ya faɗa sak. Na rasa kuka zan yi ko guɗa. Da yana nan, farin ciki zai yi, ko zai juyo ya dube ni? Oho, ban sani ba.

Kwalbar tana nan cikin akwatina, da yashin gulbi a ciki. Abin da ya rage na Yaya shi ne tambayarsa, kuma yau na amsa, ko da ba ya ji: ba inda suka tafi, Yaya, ni na zubar da su.