Gishiri a Gefen Katifar Inna

Abin da na fara gani da na shiga ɗakin Inna shi ne murfin kwano cike da gishiri a gefen katifarta, da sawun yatsa a tsakiya. Ranar na dawo hutu daga makarantar kwana a Rano, azumi yana da kwana tara. Ban ko sauke akwatina ba na tsaya ina kallonsa, domin na san wannan gishirin.

Shekara biyu kafin nan Inna ta yi doguwar jinya. Ta rame, ta yi baƙi har layukan tafin hannunta da dasashinta, ɗaga taɓarya ya gagare ta, kullum tana lasar gishiri. A ƙauyenmu da ke kusa da Kahu wasu suka ce shawara ce, wasu suka ce sammu. Kawu, ƙanenta, direba ne mai kai 'yan kasuwa Kano, shi ya ɗauke mu zuwa asibiti a birni. Likita ya zana ƙoda a takarda, ya ɗora mata 'yar hula. Ya ce wannan hular ce ke fitar da wani sinadari, kotisol, mai riƙe jiki idan ya shiga wahala, kamar zazzaɓi ko yunwa ko firgici. Ta Inna ta daina aiki. Ya rubuta mata wasu ƙananan ƙwayoyi farare, haidirokotison, ta riƙa sha da safe da kuma rana a madadinsa.

"Ko kin ji kin warke, kada ki tsallake," in ji shi. "Azumi ma ki haƙura."

Cikin wata guda Inna ta koma daka. Azumin farko ta haƙura, aka ciyar.

To yanzu ga gishiri ya dawo. Na jira ta fita tsakar gida, na buɗe kwallar da take ajiye maganin. Katin da Kawu ya kawo farkon wata yana nan kusan cikakke.

Ni ce 'yar fari. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta zama hira da ni, ko ido ba ma haɗawa sosai. In tana so na ba ta abu sai ta ce, "Ke, miƙo." Ni kuma ko a aji ba a jin muryata. Ta yaya zan tsare ta da tambaya?

Ƙanwata ce ta kwance mini zancen. A shekarun ne aka ƙaddamar da shari'a, wa'azi ko'ina, a rediyo da bakin masallaci, kowa na ƙoƙarin gyara ibadarsa. Wata maƙwabciyarmu ta shigo aron rariya ana gobe azumi, ta dubi Inna tana dariya.

"Oh ni! Kin fi mu kumatu, amma ke ce marar lafiya? Bana ma da rana za a ci tuwon?"

Wasa take yi. Inna ta yi dariya ita ma, washegari ta ɗauki azumi. Ƙwayar sai ta bar ta sai bayan shan ruwa, wata rana ma ta manta.

Kashegarin dawowata, da hantsi, tana surfe na ga taɓarya ta tsaya a sama, sannan ta sauko a hankali. Ta dafa bakin turmi, ta zauna a ƙasa, gumi na tsattsafo mata a goshi. Na kawo ruwa da ƙwayar a tafin hannuna, na durƙusa.

"Inna."

Ba ta dube ni ba. Sai ta dubi ƙanwata.

"Ce mata ta mayar. Jiri ne kawai, zai wuce."

Kawu yana kan hanyar Kano, Baba yana kasuwar Kibiya. Na tuna mutum ɗaya da Inna ba ta taɓa musa wa ba: tsohon malamin da ya koya mata karatu tana yarinya, ni ma ya koya mini. Shekara shida ina gabansa ban taɓa ce masa komai ba sai gaisuwa da hadda.

Yau Inna tana nan, tana goyon jikoki, ƙwayoyinta ƙulle a bakin zani, kuma har yanzu ba ta kiran sunana. Amma a ranar ban san haka za a yi ba. Na zura hijabi, na damƙe katin maganin, na fita da sauri.

Na same shi a zaure yana gyaran alƙalami da 'yar wuƙa. Na durƙusa, na ajiye katin a bakin buzunsa.

"Wa nake gani kamar kurmar ajina?" ya ce. "Yau baki ya buɗe?"

Na faɗa masa komai, har hular ƙodar. Ya ajiye wuƙar, ya juya katin, ya girgiza kai.

"Allah da kansa Ya sauƙaƙa wa marar lafiya. Koma ki gaya mata na ce ta sha."

Na ɗago kai na dube shi, karo na farko a rayuwata.

"Allah gafarta Malam, daga bakina ba za ta karɓa ba. Don Allah ka taso mu tafi yanzu, ka faɗa mata da bakinka."