Sunan da Ke Bayan Takardar Sikotilan

Sunan gidanmu ba namu ba ne. Na wani Bature ne mutumin Sikotilan, injiniyan reluwe, wanda kakanmu ya yi wa aikin kuku. A zamanin, akawun reluwe ba ya wahalar da kansa da sunayen masu aikin gida. Duk wanda ke aiki a gidan wane, da sunan wane za a rubuta shi a rajista. Da kakanmu ya kai 'ya'yansa makarantar mishan, katin aikinsa ya nuna, malami kuma ya kwafe abin da ya gani. Shi ke nan muka gaji sunan mutumin da ko hotonsa ba mu taɓa gani ba.

Sunan kakanmu na ainihi, wanda aka raɗa masa a ƙauye da yarenmu, ya yi ta ɓacewa. Kakarmu har ta rasu ba ta kiran sunan miji, mahaifina kuma ya rasu bai taɓa faɗa mana ba. Mutum ɗaya tak ta rage da shi a baki: Gwaggo, babbar yayar su mahaifina, wadda aka haifa a ƙauye tun kafin a koma barikin reluwe. Tana zaune a unguwar Romi, ta tsufa tukuf. Dukanmu mun san ran da ta mutu sunan ya bi ta, amma babu wanda ya damu ya tambaya.

Mu dai mun riƙe sunan Baturen kamar rigar gwanjo, ka sa ka yi shiru. Ban da Baba Ƙarami, autansu mahaifina, wanda yana goye kakanmu ya rasu. Shi kam ado ya mai da shi. Tsohon mai kula da sito ne a wata masaƙa a Kakuri, mutum mai son a gaishe shi sau biyu. In zai faɗi sunan sai ya ɗaga haɓa ya murɗe harshe, kai ka ce daga jirgin sama ya sauko, alhali iyakar tafiyarsa Jos.

A shekarar da sojoji suka yarda za su miƙa mulki ga farar hula, kowane mai ritaya ya tashi da ciwon siyasa. Shi ma ya kamu. Kansila yake so, a ƙauyen asalinmu da bai taɓa kwana a cikinsa ba. Ana cikin haka sai amsar wata wasiƙa da ya aika Sikotilan ta iso. Ashe ya ga talla a wata tsohuwar mujalla, wai akwai masu aiko wa mutum tarihin sunan gidansu.

Shagona na ɗinki a Makera ya fara kawo ta. Takarda ce mai kauri, da zanen garkuwa da kan wata dabba mai kama da gyado.

“'Yata, tsai da keken nan ki ji tarihinki,” in ji shi. “You see, farkon sunan namu, a yarensu, ɗan wane yake nufi. Mutanen kan duwatsu ne, jarumai. Kowane dangi da shugabansa, da zanen yadinsa. Shekaru aru-aru suna yaƙi, suna kwashe shanun maƙwabta.”

“To Baba, ɓarayin shanu ke nan,” na ce.

“Ke ba ki da history a kanki. Jinin sarauta ne!”

“Jinin wa? Ai miya kaka ya dafa musu.”

Ko a jikinsa. Ya zaro yadi mai gida-gida, ja da kore, irin wanda ake yi wa 'yan firamare yunifom, ya ce in ɗinka masa irin abin da mazan can suke ɗaurawa. Na ce masa siket ne fa. Ya ce kayan manya ne. Na auna ƙugunsa ina cije leɓe, na yi masa tattara har guda ashirin, don ina so abin ya buɗe sosai kowa ya gani. Ban ɓoye ba, raina shi nake yi, kuma ina jin daɗin rainin.

Ranar zuwa ƙauye ya cika bas da dangi. Na shiga, ba don in mara masa baya ba. Kallo ya kai ni. Kunyar ƙwaurinsa ta sa ya ɗora siket ɗin a kan wando, ya sa kwat a sama.

A garinmu akwai al'ada. Duk mai neman wani abu wurin jama'a, gona ce ko mata ko kujera, sai ya tsaya gaban dattawa ya faɗi sunan ubansa da na kakansa da gidan da suka fito, don a san inda kaburburansu suke. Baba Ƙarami ya miƙe a ƙofar gidan dagaci, ya buɗe takardarsa, ya shiga karanto yaƙe-yaƙen mutanen kan duwatsu da Turanci, yana fassarawa. Dattawa suka bar shi har ya gama. Sannan wani tsoho mai ido ɗaya ya gyara zama.

“Mun ji na Bature, Allah ya ji ƙansa. Kai ɗan wa ne?”

Ya sake faɗin sunan, har da murɗe harshen.

“Ba mu da wannan gida a nan. Waɗanda suka tafi aikin reluwe daga garin nan suna da yawa. Wanne ne naka?”

Baba Ƙarami ya shiga juya takardarsa. Dattijo mai furfura, tsaye cikin siket, bai san sunan ubansa ba. Tsohon ya ce masa, ba da faɗa ba, “Je ka nemo, ka dawo.” A bas, kan hanyar dawowa, ni kaɗai nake ta tuntsira dariya a cikin gyale.

Washegari da hantsi ya tafi Romi wurin Gwaggo, na bi shi don kada ƙarshen wasan ya wuce ni. Muka tarar da ita a tsakar gida tana tsince tsakuwa daga acca. Ya durƙusa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

“Yaya, sunan Baba na zo tambaya.”

Ta ture accar gefe. “Duk shekarun nan ba ka tambaya ba, sai da kujera ta aiko ka? To buɗe kunnenka, numfashina ba shi da yawa.”

Daidai nan maƙwabciyarta ta leƙo, ni kuwa bakina na ƙaiƙayi. Na ja ta zuwa bakin ƙofa ina kwaikwaya mata yadda siket ke kaɗawa a gaban dagaci. Muna ta shewa. Da na juyo, Gwaggo ta riga ta gama. Na hangi Baba Ƙarami ya kifa takardar Sikotilan a gwiwarsa, don ba shi da wata, yana rubutu a bayanta da biro. Na ce a raina zan dawo in tambaye ta da kaina, a natse, ba kamar wannan sakarai ba.

Kansila dai bai samu ba, jam'iyya ta riga ta tsai da wani. Bai sake komawa ƙauye ba. Ya sa takardar a firam ya rataye a falo, garkuwa da gyado suna kallon baƙi, ya ci gaba da murɗe harshe. Ni kuma ɗinkin Ista ya sha kaina, sai na biki, sai na makaranta. Kafin a rantsar da sabuwar gwamnati Gwaggo ta rasu. Girman kai ya hana ni zuwa wurin Baba Ƙarami in ce ya faɗa mini. In roƙi mai siket? Na ƙi, har shi ma ya bi ta.

Da 'ya'yansa ke kwashe kayan ɗakinsa, sai suka jefa firam ɗin cikin tarkacen da za a ba 'yan gwangwan. Na tsame shi, na ɓalle ƙusoshin baya da almakashina. Layi uku ne da rubutunsa na mai sito, manya-manyan baƙaƙe: sunan kakanmu, sunan uban kakanmu, da sunan gidanmu. Na karanta a bayyane, harshena ya kasa juya su daidai, na zauna a ƙasa na yi kuka.

Har yau ina ganin sakarci ne abin da ya yi, ban kuma janye ko kalma ɗaya ba. Amma a duk danginmu shi kaɗai ya durƙusa ya tambaya, ni mai wayo ina bakin ƙofa ina shewa. Firam ɗin yana shagona yanzu, a saman keke. Masu kawo ɗinki sukan ce, “Madam, kin rataye hotonki a juye.” Nakan ce musu a'a, haka yake daidai.